Motsi ya fi laɓewa: kafin a yi karo-karon saya wa Baba na'urar oksijin

Duk wanda ke yawo a Facebook da TikTok ya san irin hoton da nake nufi. Dattijo ne ko dattijuwa a kan gado, an saƙala 'yar roba a hanci, ga doguwar tukunya a gefe, a ƙasa kuma an rubuta lambar asusun banki. Kafin awa guda sharhi ya cika da "Allah ya ba da lafiya" da "Allah ya sa kaffara ne". Wasu ma a zuci har sun fara ta'aziyya, don a wurinmu da zarar an ce an sa wa mutum oksijin, to sai dai addu'a.

Ka ɗan gangara ƙasa kuma sai ka ci karo da 'yan talla. Bidiyon minti ɗaya, ga na'ura sabuwa fil tana ƙyalli, ana cewa duk gidan da ke da mai asma ko mai tsohon tari bai kamata ya rasa ta ba, a yi magana ta WhatsApp, ana kaiwa har gida.

Hotunan nan biyu sun ɓata mana fahimta. Na farko ya sa muna yi wa oksijin kallon sallamar duniya, na biyu ya mayar da shi kamar fanka ko firji, abin da kowa zai saya ya kunna in ya ga dama. Ra'ayina shi ne: ga mai ciwon huhu da ya daɗe, babban maganin da muke hana shi shi ne motsa jiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Oksijin kuma magani ne mai awo, kamar allura, ana ba wanda gwaji ya nuna yana buƙata, a daidai adadin da yake buƙata. Kuma mu matasa maganar ta fi shafa, tunda mu ne masu waya, mu ke binciken farashi, mu ke buɗe guruf ɗin dangi, mu ke jinya.

Wane ciwo ake magana?

Akwai rukunin cututtukan huhu da ba sa warkewa gaba ɗaya, sai dai a lallaɓa su. Babbarsu ita ce cutar toshewar hanyoyin numfashi, wadda likitoci ke kira COPD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ta kashe mutum miliyan 3.23, ita ce ta uku a jerin abubuwan da suka fi kisa a duniya a shekarar. A Turai da Amurka taba ce kan gaba wajen jawo ta. A wurinmu akwai ƙari: hayaƙin itace da kara da gawayi da iyayenmu mata suka shafe shekara talatin ko arba'in suna shaƙa a madafi marar taga.

Sai kuma tabon da tarin fuka ke bari. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da tibi a duniya, ana ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan ne ke kamuwa duk shekara. Mutum zai sha maganinsa wata shida cur, a gwada majina a ce ƙwayar cutar ta mutu, a sallame shi, amma huhun ya riga ya yi tabo, haki bai tafi ba. Ga masu fasa dutse da masu niƙa dutsen zinare a Zamfara da Neja, waɗanda ƙurar dutse ke sandarar musu da huhu. Wato ba tsofaffi kaɗai ba ne, akwai 'yan shekara talatin a ciki. Kai kuma ɗan'uwa mai shisha, kada ka ce ba da kai ake ba: tun 2005 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce zaman shisha na awa ɗaya na iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau 100 zuwa 200.

Tarkon "ka kwanta ka huta"

Ga yadda abin ke faruwa a gidajenmu. Baba ya fara haki in ya je masallacin unguwa. Sai a ce ya riƙa yin salla a gida. Ya fara haki in ya zagaya, sai a kawo masa buta da kujera kusa. Inna ta fara sarƙewa in ta yi shara, sai a ƙwace tsintsiyar. Duk cikin ƙauna da tausayi muke yi, babu mai mugun nufi. Amma jiki yana da tasa dokar.

Tsokar da ba a aiki da ita zubewa take yi, musamman tsokar cinya. Tsokar da ta yi rauni kuwa ba ta iya sarrafa oksijin da kyau, tana saurin tara tsami ko da ɗan aiki kaɗan ne. Jiki kuma yana kawar da wannan tsamin ne ta hanyar ƙara fitar da iskar kabon, wato sai numfashi ya ƙara sauri. Huhun da dama hanyoyinsa a matse suke, in aka tilasta masa sauri, ba ya samun lokacin fitar da tsohuwar iska kafin sabuwa ta shigo. Sai iska ta taru a ƙirji, mutum ya ji kamar an ɗaure shi da igiya. Ya tsorata, ya ƙara zama. Ya ƙara zama, tsoka ta ƙara zubewa. Bayan shekara ɗaya, wanda da yake zuwa kasuwa a ƙafa ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi, alhali in aka auna huhunsa ba lallai ya canja sosai ba. Ƙafafun ne suka tafi.

Shirin farfaɗo da masu ciwon huhu an gina shi ne don tsinka wannan igiyar. Yawanci mako 6 zuwa 12 ne, ana zuwa aƙalla sau biyu a mako wurin ma'aikacin fisiyo. Ana tafiya, ana tuƙa keken da ba ya motsi, ana ɗaga ɗan nauyi, ana tashi a zauna a kan kujera. Ana koyar da dabarun numfashi da yadda ake fitar da majina da yadda ake amfani da abin shaƙa daidai. Shirin ba ya gyara huhun da ya lalace. Tsoka yake gyarawa, ta koyi yin aiki mai yawa da iska kaɗan, sai nauyin da ke kan huhu ya ragu.

Hujjar amfaninsa ba ta wasa ba ce. A 2015 cibiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tacewa, ta haɗa gwaje-gwaje 65 da aka yi kan mutum 3,822, ta ga shirin yana rage haki da gajiya, yana ƙara nisan tafiya da jin daɗin rayuwa. Har editocin suka rufe fayil ɗin, suka ce ba sai an sake gwada ko yana aiki ba, an gama wannan maganar. Duk da haka ko a ƙasashen masu kuɗi ba a cin moriyarsa: wani bincike a Amurka da aka buga a 2020 ya duba tsofaffi 197,376 da aka kwantar saboda COPD, ya tarar kashi 1.5 cikin 100 kawai suka fara shirin cikin kwana 90 da sallama. To ina ga mu?

To ina oksijin ya shigo?

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ɗinta oksijin ne. Jinin mai lafiya, in aka auna da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, yakan nuna 95 zuwa sama. Masu ciwon huhu kuma sun kasu gida uku, kuma rashin bambance su ne ke jawo asarar kuɗi, wani lokaci har da rai.

Gida na farko su ne waɗanda ko a zaune suke, ba sa komai, oksijin ɗin jininsu yana 88 ko ƙasa da haka, ba kuma a lokacin da ciwo ya tashi ba. Waɗannan babu gardama a kansu. A 1981 an buga wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mutum 87: cikin shekara biyar, 19 daga cikin 42 da ke samun oksijin awa 15 a rana suka rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa 30 daga cikin 45. Wani gwajin a Amurka da Kanada a 1980 ya nuna hanya ɗaya. Mai irin wannan hali oksijin yana tsawaita masa kwana da yardar Allah, kuma in zai motsa jiki da robarsa a hanci zai yi, sau da yawa ma likita kan ƙara masa adadi a lokacin tafiya.

Gida na biyu su ne waɗanda a zaune lafiya lau, amma da sun fara tafiya sai lambar ta sauka ƙasa da 90. Ana gane su da gwaji mai sauƙi: a auna fili mai tsawon mita 30, mutum ya yi ta kai da komowa na minti shida, na'ura na yatsansa. A hankalce kowa zai ce ai waɗannan sai da oksijin za su motsa jiki. Masana ma haka suka ɗauka shekaru da yawa, har sai da aka gwada.

A Ostireliya, Farfesa Jennifer Alison ta Jami'ar Sidni da abokan aikinta sun ɗauki mutum 111 masu COPD irin na wannan gida. Kowa aka sa masa roba a hanci, aka haɗa shi da na'ura mai hura lita 5 a minti. Rabinsu oksijin na gaske suke samu, rabi kuma an yi wa na'urarsu dabara, iskar ɗaki kawai take hurawa, kuma daga majinyatan har masu horar da su babu wanda ya san wace ce wace. Suka yi atisaye sau uku a mako har mako takwas. Sakamakon da aka buga a 2019: duka ɓangarorin biyu sun ƙara juriyar tafiya, duka sun ji sauƙin rayuwa, kuma masu oksijin ba su fi masu iskar ɗaki ba. Kafin nan, a 2016, wani babban gwaji a Amurka kan mutum 738 masu matsakaicin ƙarancin oksijin, a zaune ko a tafe, ya nuna ba su oksijin na dogon lokaci bai jinkirta mutuwa ko kwanciya asibiti ba.

Ka ga ke nan a wannan gida atisayen ne ya yi aikin. Ma'anar wannan a wurinmu babba ce: rashin tukunyar oksijin ba hujja ba ce ta hana mafi yawan masu COPD shiga shirin motsa jiki.

Gida na uku su ne masu haki sosai amma lambar jininsu ba ta faɗi ba. Nan ne 'yan talla suka fi cin kasuwa, don a tunaninmu haki da ƙarancin oksijin abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Haki ji ne da ƙwaƙwalwa ke haɗawa daga wahalar da tsokar ƙirji ke sha da iskar da ta maƙale da kuma tsoro. A 2010 mujallar Lancet ta buga gwaji kan mutum 239 masu matsanancin haki waɗanda jininsu bai yi ƙasa sosai ba, a Ostireliya da Amurka da Birtaniya. Rabi oksijin, rabi iskar ɗaki ta roba, kwana bakwai. Sauƙin da suka samu iri ɗaya ne. Abin da ake ganin yana taimakawa shi ne iskar da ke bugun hanci da fuska, shi ya sa a asibitocin Ingila ake ba irin waɗannan majinyata shawarar riƙe 'yar fankar hannu. Wato 'yar fankar caji da kake saya saboda zafin Afrilu, ko maficin kaba na Inna, suna da gurbi a kimiyyance.

Na san abin da za a ce min

Wani zai ce: "Malam, ni da idona na ga an sa wa kawuna oksijin ya yi tafiyar da bai taɓa yi ba." Gaskiya ne, kuma bincike bai musa ba. A tafiya guda, oksijin kan rage saurin numfashi ya ƙara wa wasu nisa. Akwai ma wani ƙaramin gwaji a Kalifoniya a 2003, kan mutum 29, da ya nuna masu atisaye da oksijin sun iya ɗaukar horo mai tsanani fiye da sauran. Shi ya sa ƙwararru ba su ce a jefar da tukunya ba. Abin da suke yi shi ne su gwada mutum sau biyu, da oksijin da kuma babu, in an ga bambanci a fili a nisa ko a haki, sai a ba shi. In ba a gani ba, an huta da ɗaukar kaya.

Wani kuma zai ce ai ba kowa ne mai COPD ba. Wannan ma haka ne. Masu sandarewar huhu, irin wadda ƙurar dutse da wasu cututtuka ke jawowa, jininsu kan faɗi ƙasa warwas da sun motsa, fiye da na masu COPD. Wani gwaji a Birtaniya a 2018 kan mutum 84 masu irin wannan ciwo ya nuna oksijin na tafi-da-gidanka ya kyautata musu rayuwar yau da kullum, ko da yake na mako biyu aka gwada. Don haka sunan ciwon yana da muhimmanci, kuma ba a gane shi ta bidiyo. Sai an je asibiti an yi hoton ƙirji da gwajin hura iska. Wani hakin ma ba na huhu ba ne sam, na zuciya ne ko na ƙarancin jini.

Ƙorafi na uku shi ya fi damuna: kada wani jami'i ya karanta wannan ya ce to ashe oksijin ba dole ba ne. A'a, wallahi dole ne. Yaro mai ciwon nimoniya, jariri bakwaini, mai haihuwa da ta zubar da jini, mai sikila da ƙirji ya riƙe, wanda ake yi wa tiyata, duk rayuwarsu na rataye da shi. A Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman kan wadata asibitoci da oksijin, sannan a Fabrairun 2025 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce sama da mutum biliyan 5 a duniya ba su da tabbacin samun sa, kuma Afirka kudu da Sahara ce ta fi kowa giɓi. Wannan ƙarancin shi ne ma dalilin da ya sa bai kamata tukunya ta yi wata shida a ɗakin wanda ba ya buƙatar ta ba, alhali a asibitin ƙaramar hukumarsu ana neman ta ido rufe.

Yawansa ma illa ne

Abin da 'yan talla ba za su faɗa maka ba shi ne oksijin na iya kisa. Wasu masu COPD, in aka buɗe musu shi da yawa, iskar kabon kan taru a jininsu. Sai mutum ya fara gyangyaɗi, 'yan jinya su ce alhamdulillahi ya samu barci, ashe suma ce ke tafe. A tsibirin Tasmaniya na Ostireliya an gwada wannan a motocin ɗaukar marasa lafiya, kan mutum 405, aka buga a 2010. Waɗanda aka buɗe wa oksijin sosai, kashi 9 cikin 100 suka rasu. Waɗanda aka daidaita musu shi don lambar ta tsaya tsakanin 88 da 92, kashi 4 ne. Saboda haka in likita ya ce lita 2, lita 2 yake nufi. Kada ƙanin Baba ya zo dubiya ya murɗa zuwa 5 don "ya fi shiga".

Sai maganar wuta. Oksijin yana sa duk abin da ya kama wuta ya ci da ƙarfin gaske. Ka duba ɗakunan iyayenmu: kaskon turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, kurfoti da hunturu, kyandir in an ɗauke wuta. Duk waɗannan sai sun yi nesa da tukunya da roba, aƙalla mita 3, sigari kuwa ko a ƙofar ɗakin. Basilin da sauran man shafawa masu maiƙo, da muke lafta wa hanci da leɓe in iska ta busar da su, ba a shafa su ga mai roba a hanci. Tukunyar masu walda kuma ba ta asibiti ba ce, komai araharta. In janareta za a tayar saboda na'urar, a kai shi waje can nesa da taga, don hayaƙinsa na ɗauke da kabon monoksaid mai kisa a ɓoye, kuma na'urar yatsa ba ta gane shi, sai ta nuna lamba mai kyau alhali mutum na tafiya.

Na'urar yatsa da baƙar fata

Tunda komai ya rataya a kan awo, ya kamata mu san halin abin awon. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano dabarar a farkon shekarun 1970: haske ne ke ratsa yatsa, na'ura ta karanta launin jini. Matsalar ita ce launin fata na iya shiga lissafin. A Disambar 2020 likitocin Jami'ar Mishigan sun kwatanta lambar yatsa da ta jinin da aka ɗiba kai tsaye. A lokutan da na'ura ke nuna 92 zuwa 96, ainihin lambar tana ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin 100 na awon baƙaƙen fata, a na farare kuwa kashi 3.6. Kusan ninki uku ke nan, kuma kuskuren yana karkata ne wajen nuna mana lafiya alhali babu.

Wannan bai sa na'urar ta zama banza ba, da babu gara ba daɗi. Amma a yi mata kallon mai ba da labari, likita ne alƙali. Yatsa mai sanyi da hunturu, jan farce, baƙin lalle, rawar hannu, duk suna rikita ta. A ɗumama hannu, a jira lambar ta tsaya, a rubuta a littafi da rana da lokaci. In lamba ta ce lafiya amma leɓe ya canja launi, ko mutum ya rikice, ko ba ya iya haɗa jimla, a bar na'ura a nufi asibiti.

Mu yi lissafi

Na'urar tace oksijin ta gida, mai lita 5, takan ja wajen wat 350. In za ta yi awa 15 a rana, yunit 5 da ɗan ɗoriya ke nan. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta kai farashin yunit na 'yan rukunin A naira 225. Ka buga: kusan naira 1,200 a rana, wajen 35,000 a wata, rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wannan fa in akwai wutar ke nan. In babu, sai man janareta ko sola da batura. Ga iyalin da majinyacinsu ke gida na farko, wannan nauyi ne da ya wajaba dangi da gwamnati da masu hali su taya su ɗauka. Ga iyalin da nasu ke gida na uku, kuɗi ne da zai biya kuɗin mota zuwa fisiyo, da abin shaƙa na wata da watanni, da murhun gas da zai raba Inna da hayaƙi.

Su kuma 'yan gwangwanayen oksijin da ake tallatawa kamar turaren feshi, lissafinsu ya fi ban dariya. Ka ɗauki gwangwani mai lita 10. Wanda aka rubuta wa lita 2 a minti, minti biyar ya shanye gwangwani.

Abin da ke hannunmu

Kada wani ya ce wannan shiri sai Turai. A asibitin Mulago da ke Kampala an gudanar da shi ga waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo, mako shida, sau biyu a mako, da kayan aiki masu sauƙi, kuma rahoton da aka buga a 2017 ya nuna sun ƙara nisan tafiya, ciwon ƙirji ya ragu. Yuganda ba ta fi mu kuɗi ba. Muna da sashen koyar da fisiyo a Jami'ar Bayero, muna da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, muna da cibiyar horar da ma'aikatan tibi da kuturta a Saye. Abin da shirin ke buƙata baranda ce mai tsawon mita 30, kujeru, agogo, na'urar yatsa mai inganci, ma'aikaci da ya san aikinsa, da tukunya ɗaya a gefe saboda waɗanda gwaji ya nuna suna buƙata. Me zai hana duk asibitin da ke raba maganin tibi ya ware safiya biyu a mako don wannan? 'Yan fisiyo da ke bautar ƙasa, ga aikin ci gaban al'umma da ya fi fentin allon sanarwa. Masu mabiya dubu ɗari a TikTok, ga abin da za ku tambayi kwamishinan lafiyar jiharku.

A gida kuma, in kana da mai irin wannan ciwo, ka raka shi asibiti da tambayoyi a rubuce a wayarka. Mene ne sunan ciwon? Nawa ne oksijin ɗinsa a zaune, nawa ne a tafe? Yana buƙatar oksijin, in eh lita nawa, awa nawa, kuma yaushe za a sake aunawa? Za a iya tura mu fisiyo? Tambayar sake aunawa tana da muhimmanci, don da yawa ana sallamar su da oksijin bayan ciwo ya tashi, bayan wata biyu ko uku jininsu ya dawo daidai, amma a ci gaba da biyan kuɗin tukunya don babu wanda ya duba.

In likita ya ba da izini, ka zama abokin tafiyarsa. A fara da kaɗan, ko minti biyu ne a tsakar gida, a huta, a sake. Sannu ba ta hana zuwa. Ya shaƙa ta hanci yana ƙirga biyu, ya fitar ta baki a hankali yana ƙirga huɗu, leɓe a tsuke kamar mai hura koko. Ya tashi daga kujera ya zauna sau biyar, gobe shida. Robar ruwa mai lita ɗaya kilo ɗaya ce, ta isa ɗagawa. Ɗan haki a lokacin atisaye ba haɗari ba ne, shi ake nema ma, matuƙar yana iya yin gajeriyar magana. Amma ciwon ƙirji, jiri, tarin jini ko zazzaɓi, a tsaya a nemi likita. Ranar da hazo ya rufe gari a yi a cikin ɗaki, kuma a guji bakin titi inda hayaƙin A Daidaita Sahu ke tashi.

Ke kuma 'yar'uwa, in Inna ta ɗauki tsintsiya, kada ki ƙwace. Ki bar ta ta share rabin tsakar gidan, ki ajiye mata kujera a inuwa, ke ki ƙarasa sauran. In an rubuta wa Baba oksijin na tafiya kuma yana jin kunyar fita da roba a hanci saboda idon mutane, ka saɓa tukunyar ka yi gaba, ya biyo ka. Unguwa za ta yi kallo kwana biyu, a na uku ta saba.

Ranar Laraba ta uku a watan Nuwamba ita ce ranar COPD ta duniya, daidai lokacin da hunturu ke shigowa masu ciwon ƙirji ke shiga wahala. Kafin ta zagayo, duk wanda ya karanta wannan yana da aiki ɗaya: ya nemi mutum guda a danginsu da aka zaunar saboda haki, ya tambaya ko an taɓa auna shi yana tafe.